Askirim ɗin Doyar Habsatou

Duk wanda ya yi zirga-zirgar sarin jakunkuna tsakanin Kano da Guangzhou a shekarun nan, in dai yana cin tuwo, ya san Habsatou. Ni kuwa ba sanin abinci kaɗai na yi mata ba, a gidanta nake sauka. Hawa na bakwai ne a wani dogon bene a Panyu, ɗaki biyu da falo, sai kicin ɗin da in ta shiga ni sai dai in tsaya a bakin ƙofa, don ni Hajiya Saude Allah bai yi ni ƙarama ba. Badamagariya ce, ni Bakanuwa, saboda haka ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ina shigowa da akwatuna za ta ce, "To, baiwata ta iso, a ɓoye nama." In ce mata, "Wa ya taɓa ganin nama a gidan mutan Zinder, balle a ɓoye?" Sai mun gama wannan sannan a tambayi mutanen gida.

A unguwar Birni ta Zinder aka haife ta. Uwarta kunun aya da zoɓo take ƙullawa a leda ta daskarar ta sayar, don haka Habsatou tun tana 'yar shekara tara ta san halin firiza, wanda ita take kira firigo. Mijinta Ja'afaru karatu ne ya kai shi Chaina, ya iya yaren, ya zama tafinta. Shi yake ɗibar mu a mota ya kai mu Shiling, garin da in ka waiga hagu jaka, in ka waiga dama jaka. Da ya ga baƙinsa suna ramewa don sun kasa cin abincin ƙasar, sai ya fara kawo su gida. Daga ciyar da mutum biyu abu ya zama sana'a. Kullum da hantsi ta gama tuwon shinkafa da miyar kuka, ta jera a kuloli, ya kai wa 'yan kasuwa masaukansu a wajajen titin Liuhua Lu.

Shekararta bakwai a ƙasar amma yarenta bai wuce kalma biyar ba. Ta san lawban, wato maigida ko mai kanti, ta san meyo, wato babu, ta san sheshe ta godiya. Sauran da yatsu da harara take ƙarasawa, kuma ban taɓa ganin ta dawo daga kasuwa ba tare da abin da ta je nema ba.

'Yarsu ɗaya, Balki, shekararta shida a lokacin da nake ba da labari. A can aka haife ta, yaren Chaina a bakinta kamar ruwa, Hausarta kuwa sai a hankali. 'Yar fari ce, Habsatou kuma irin renon da ce, kunyar ɗan fari ta shige ta har ƙashi. Ba ta faɗin sunan yarinyar. "Ke" ce, ko "waccan", ko "ɗiyar Malam". In Balki ta yi tuntuɓe a gaban baƙi sai ta kau da kai, wani ya ɗaga ta. Na sha ce mata, "Ke Badamagariya, a Chaina, hawa na bakwai, wa yake ganinki?" Sai ta ce ai ita tana ganin kanta.

Matsalar Balki madarar shanu ce. Jikar masu fura da nono, amma likita ya ce cikinta ba ya iya narkar da wani sukari da ke cikin madara. Tana sha cikin ya kumbura, sai murɗa, sai gudawa har kwana biyu. A gida an hana, ba a ajiye ko gwangwani ɗaya. To amma a ƙasan benen akwai kantin wata tsohuwa 'yar Chaina, da firiza a bakin ƙofa, cike da wani askirim mai launin shunayya a 'yan kofunan takarda. Duk la'asar yaran unguwar suna can kowa da kofinsa. Ja'afaru ya je ya yi wa tsohuwar bayani, ita kuma ta kiyaye, ta daina ba Balki. Sai dai yara yara ne. Wannan ta ba ta cokali ɗaya, waccan ta ba ta biyu, kafin magariba ciki ya ɗauka.

Na sauka a farkon watan Agustan 2008, ana shirin buɗe wasannin Olamfik. Biza ta yi wuya a shekarar, wata ɗaya tak aka ba ni, kuma ko'ina ka bi sai an tambayi takardunka. 'Yan kasuwa da yawa ba su samu zuwa ba, kulolin Habsatou suka ragu. Zafi kuwa ba a magana, irin mai gumi ɗin nan da kana fitowa daga wanka kana neman komawa.

Kwanana uku da zuwa Balki ta kwanta, wannan karon har da ƙarin ruwa a asibiti. Ranar da aka sallamo ta muna cin abincin rana, Ja'afaru ya ajiye cokali ya dube ni.

"Hajiya, zan ɗora miki nauyi. In za ki koma ki tafi mini da Balki Kano. Ƙanena zai zo daga Zinder ya ɗauke ta. Inna tun yaye take roƙon a ba ta ita, ina ta ja. Can babu wannan abin sanyin a ƙofar gida, ta huta mu ma mu huta."

Ja'afaru ba mugu ba ne. Kwana biyu ya yi a kan kujerar asibiti, idanunsa sun faɗa. Kuma a wajenmu kaka ta riƙi 'yar fari ba baƙon abu ba ne, ni kaina a hannun kakata na tashi. Na dubi Habsatou ina jiran ta ce wani abu. Ta tattara kwanuka ta ce, "Allah shi sa alheri," ta shige kicin.

Washegari da safe na gan ta ta yafa mayafi, a hannunta murfin kofin askirim ɗin nan da ta tsinto, mai hoton wata saiwa a jiki. Ta ce in raka ta kasuwa. Muka yi ta zagaya rumfunan kayan miya tana nuna murfin tana cewa "Lawban?" Wani ya miƙo gwaza, ta fasa da farce ta ga fari, ta mayar. Wata ta ba ta dankali. Wasu suka ce meyo tun kafin ta ƙarasa. A can ƙarshen layi muka samu wani dattijo da tulin doya mai gashi-gashi, faffaɗa kamar tafin ƙafa. Ya gutsure gefe da wuƙa, sai ga cikin shunayya shar, yana yauƙi. Na ce, "A'uzubillahi, wannan doya ce ko rini?" Habsatou ta sayi uku.

Ban tambaye ta me za ta yi ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na farko yadda uwarta ta koya mata ta yi shi. Ta dafa doyar a ruwa, rabin launin ya bi ruwan, ta murje ta sa sukari, ta ƙulla a 'yan ledoji ta jera a firiza. Da la'asar ta ajiye ɗaya a kan tebur ta ce wa bango, "Wanda ke so ya sha." Balki ta ɗauka ta gwada da haƙori, abu kamar dutse. Ta lasa sau biyu ta ce, "Mama, wannan ƙanƙara ce," ta ajiye ta tafi wajen talabijin.

Bayan kwana biyu ta sake dabara. Ta ce abin yana son madara, kuma ai mu ma muna da madarar da ba ta saniya ba. Ta jiƙa gyaɗa ta markaɗa ta tace, irin ta kunu, ta ɗora a wuta da ɗan ƙullun shinkafa, ta zuba doyar. Launin ya fito gwanin kyau, har na fara yaba mata. To amma hannun da ya shekara ashirin yana dama kunun gyaɗa ba ya shawara da mai shi. Tana magana da ni ta ɗauki ruwan tsamiya ta tsiyaya. Nan take tukunya ta juye ta koma ja-ja kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, madarar ta tsinke. Ta yi salati, ta ce bari ta kashe tsamin da 'yar kanwa. Tana sawa abu ya koma kore.

Na yi dariya har na riƙe ƙofa. Na ce, "Mutan Zinder an ƙirƙiro askirim ɗin miyar kuka! Bari in kira 'yan jarida." Ina jiran ta rama, don ba ta taɓa barin bashin tsiya ya kwana ba. Amma sai ta tsaya tana kallon tukunyar, muciya a hannu. Kunya ta kama ni, daga kunyar kuma sai haushi.

"Habsatou, wai ke wace irin mace ce? Ki buɗe baki ki ce wa mijinki ba kya so a tafi da 'yarki. Kalma nawa ce?"

"Ni in yi magana a kan ɗiyar fari? Hajiya, da wane ido zan dubi Inna? A ce Habsatou ta je Chaina ta zubar da kunya?"

"To ni in faɗa masa."

"In kin faɗa, ni na faɗa. Ya san a gidana kike kwana." Ta zubar da koren abin nan, ta fara wanke tukunya. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kwana nawa ya rage miki?"

Na ce sha shida. Ta gyaɗa kai.

Daga ranar na daina dariya, na koma 'yar ɗanɗano. In na dawo daga Shiling da ƙafafu a kumbure, kafin in cire mayafi an miƙo mini cokali. Na sha mai garas-garas, na sha mai danƙo kamar tuwon rogo, na sha wanda aka yi da aya ya yi tsami kafin ya daskare. Doyar dattijon nan mun kusa ƙarar masa da ita. Shi kuwa Ja'afaru ya karɓo fasfon Balki daga inda ake sa hatimi, ya sayo mata 'yar akwati mai tayoyi. Habsatou da kanta ta wanke kayan yarinyar ta goge ta jera a ciki, sannan ta koma kicin.

A hankali ta gano abubuwa. Ta gane ba a dafa doyar a ruwa, turara ta ake yi a madambaci da ɓawonta, launin ya zauna. Ta gane sai an murje ta a rariya sau biyu tun da zafinta. Ta gane abin yana son maiƙo, gyaɗa kaɗai ba ta isa ba, sai ta koma kankare kwakwa tana matse madarar farko mai kauri, ta haɗa da 'yar madarar gyaɗa don ƙamshi, da sukari, da gishiri ɗan tsunkule, da cokali ɗaya na garin shinkafa. Ta dafa a wuta kaɗan tana juyawa har ya kama bayan ludayi. Tsamiya kuwa ta ɗauke ta daga kicin ɗin gaba ɗaya ta kai ɗakina.

Laushin ne ya gagara, kuma rashin haƙurinta ne ya warware shi. Wata ranar da ban fita ba ta zuba kwano biyu a firiza. Na bayan ba ta taɓa shi ba, na gaban kuwa ta hana shi sakat. Minti kaɗan ta buɗe, ta sa maburgin miya ta burga ta ga ko ya fara kamawa, ta mayar. Na yi ta faɗa, na ce ki bar abu ya huta, kina fitar da sanyin. Ba ta ji ba. Da la'asar muka ciro su. Na bayan ya zama dutse kamar kullum. Wanda ta dama wa lissafi kuwa cokali ya shige shi sumul. Muka dubi juna. Ta ce, "Bon," wato "to" da Faransancinsu, "ashe shi ma sai an dame shi." Daga nan ta tsayar da ƙa'ida, burgawa shida, rabin awa tsakani, daga azahar zuwa la'asar.

Ranar Asabar ɗin da Najeriya ta buga wasan ƙarshe na ƙwallo da Ajantina, ranar ce Habsatou ta fito da shi. Da tsakar rana aka yi wasan, falon ya cika da Kanawa huɗu da suka zo kallo. Aka ci mu ɗaya da nema. Ja'afaru yana ta yi mana jaje na tsokana, yana cewa su Nijar da ba su je ba ai ba a ci su ba. Ana cikin haka Habsatou ta shigo da tire, ƙananan kwanuka cike da abu shunayya mai sheƙi. Ta ba kowa, ta ajiye na ƙarshe a gefen kujera inda Balki take, kamar mantuwa ta yi.

Ni ba na kallon kowa sai yarinyar. Ta ɗiba, ta riƙe a baki, ta ɗaga gira. Ta sake ɗiba. Ta ce wa babanta wani abu da yaren Chaina, ya yi dariya ya ce wai ta ce ya fi na kanti ƙamshi. Ta shanye ta lashe cokali ta miƙa kwano. Habsatou tana bakin ƙofar kicin tana goge tiren da ba abin da ya zuba a kansa. Ranar cikin Balki lafiya lau, washegari ma haka.

Na ɗauka an gama. Amma washegarin da la'asar Habsatou ta kira ni taga. Can ƙasa yara sun kewaye firizar tsohuwa kowa da kofi, Balki tana tsaye a tsakiyarsu hannu a baya, alhali ba ta daɗe da shan kwano guda a sama ba. Wata 'yar ƙawarta ta miƙo mata cokali. Ta girgiza kai. Aka sake miƙowa, sai muka ga ta matsa kusa. Na buɗe taga na ƙwala mata kira da muryar da ake jina da ita a Kantin Kwari, ta firgita ta ja baya.

Raina ya ɓaci, na ce yarinyar nan kwaɗayi ne da ita kawai. Habsatou ta rufe tagar. Ta ce, "Ba kwaɗayi ba ne, Hajiya. Kowa ana buɗe firigo a miƙo mishi nashi. Ita kaɗai ce ba a miƙo ma."

Da safe ta sayo kofunan takarda masu murfi da 'yan cokulan katako. Ta cika goma, ta jera a kula, ta ce in zo mu sauka. Yadda ta yi wa tsohuwar bayani abin kallo ne. Ta nuna kofi, ta nuna firiza, ta nuna tsawon Balki da tafin hannu, ta dafa cikinta ta yamutsa fuska ta nuna na kanti, sannan ta shafa cikin ta yi murmushi ta nuna nata. Ta buɗe ɗaya ta miƙa. Tsohuwar ta ɗanɗana, ta yi surutu mai yawa da ba mu ji ko ɗaya ba, ta ture kayanta gefe ta yi wa kofunan wuri a kusurwa. Habsatou ta ce sheshe ya fi sau goma.

Da la'asar muna taga. Yara suka taru, tsohuwar ta buɗe firiza tana miƙa wa kowa, ta zo kan Balki ta miƙa mata nata kamar sauran. Yarinyar ta zauna a kan dakali cikinsu tana sha tana kaɗa ƙafa. Har wata ta roƙi ɗanɗano, ita ce yau mai ba da cokali. Kwana huɗu aka yi haka, ba ciwon ciki, ba asibiti. Ja'afaru yana gani, don ta ƙofar kantin yake wucewa in ya dawo, amma akwatin tana nan a jingine a falo.

Ana gobe zan tafi, bayan azahar, ya fito da fasfon Balki ya ajiye a kan tebur a gabana. Yarinyar tana ƙasa wajen wasa. Ya yi gyaran murya ya dubi matarsa.

"Habsatou, ke ba ki ce komai ba har yanzu."

Na ƙura mata ido, a raina ina cewa yau in ba ki yi magana ba ni da ke ne. Ta sunkuyar da kai.

"Ni mi ne ne nawa a ciki, Malam? Ɗiyarku ce." Ta miƙe ta nufi kicin. Sai da ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ta ba mu baya. "Sai dai abin nan ba ya tafiya. Kafin a kai filin jirgi ya narke. Kuma doyar babu ita a Zinder."

Ja'afaru ya dubi bayanta. Sannan ya sa hannu ya ɗauki fasfon, ya juya shi sau biyu, ya zura a aljihun gaban rigarsa. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, na fasa ɗora miki nauyin. Zan kira Inna in ba ta haƙuri." Ya sa takalmi ya fita.

Na bi ta kicin da tsiyata a baki, na shirya ce mata ashe mutan Zinder ma sun iya magana. Na tarar ta dafa bakin tebur da hannu biyu. Ta ce, "Hajiya, rufe ƙofa." Na matsa ciki da ƙyar na rufe. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa tsakanin buhun shinkafa da firiza, ta cusa gefen zaninta a baki don kada a ji, ta yi ta kuka kafaɗunta suna girgiza. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Na jingina da ƙofar na tokare ta da bayana, don kada wani ya shigo ya gan ta kafin ta gama.